Taswirar Najeriya da muke ginawa a bayan ajin SS2

Litinin, 28 ga Afrilu 2025

To Alhamdulillahi, firinsifal ya bamu filin nan na bayan ajin SS2, tsakanin bedin nan biyu da katanga. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, ko malaman labarin ƙasa da ke son yin irinshi sa san abun da zasu tarar, musamman wajen kuɗi.

Abun da muke son yi taswirar Najeriya ce a ƙasa, ta siminti, mai tudu da kwari, wadda in ka tsaya a Jos ka zuba ruwa da buta zai nemi hanyarshi da kanshi har teku. Gefe guda kuma mu kafa ma'aunin ruwan sama kafin damina ta kankama.

Yaranmu sun iya hadda, wannan ba'a magana. Ka tambaye su girman Najeriya su ce maka murabba'in kilomita 923,768 ko numfashi basu yi ba, ka ce ina kogin Kwara (Neja) da na Binuwai suka haɗu, kafin ka rufe baki aji ya ɗauka da Lokoja. Amma ka ce masu ruwan kogin Gada da ke bi ta Jibia ina ya nufa, sai su ce kudu. Duk shekara haka. Saboda taswirar da suka sani a rataye take jikin bango, arewa na sama kudu na ƙasa, shi kuma ruwa baya hawa sama, ai gaskiyarsu. Alhali Gada arewa ya yi, ya shiga Nijar ya ratsa ta Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya faɗa Rima, Rima ta haɗu da kogin Sakkwato, su gangara Kwara ta jihar Kebbi, sai Lokoja, sai teku. In faɗa da baki, in zana a allo, su kwafa, su ci a jarabawa, bayan wata guda ka sake tambaya an koma kudu. Shi yasa nake son a kwantar da taswirar ƙasa kowa ya taka ta da ƙafarshi.

Ma'aunin da na tsayar: santimita 1 a madadin kilomita 3, wato 1:300,000. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, kenan kowane gida tsakanin layukan latitud da longitud zai zama santimita 37. Najeriya na tsakanin digiri 4 da 14 arewa, da wajen 3 zuwa 15 gabas, so fili mai mita 5 da mita 4 ya ishe ta har da ɗan guntun Nijar, don dole Maraɗi ta shiga. Tsayi kuma ba zai yiwu da wannan ma'aunin ba, dutsen Chappal Waddi na Taraba da ya fi ko'ina tsayi a ƙasar nan, mita 2,419, ko santimita ɗaya ba zai cika ba. Don haka a tsaye santimita 1 zata zama mita 100. An zuzuta tsayin sau talatin kenan, kuma zan rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin bulo kar wani yaro ya ɗauka haka Jos take a miƙe.

Asabar, 3 ga Mayu

Na zaga kasuwa da maginin da zai mana aikin, dattijo ne, mahaifin wani ɗalibinmu. Siminti buhu 8 a dubu goma-goma, 80,000. Bulo 45 na zagaye 22,500, yashi 25,000, marmara ta ciko 20,000, hannun magini da leburanshi 35,000 (ya ce don makarantar ɗanshi ce), fenti na ƙiyasta 30,000, ƙusa da igiya 5,000, ruwa 8,000. Ya tashi 225,500.

A hannu akwai 100,000 ta PTA da 70,000 da tsofaffin ɗalibai suka haɗa a gurup ɗinsu na WhatsApp. Giɓin 55,500 kenan. Fenti sai ƙarshe, kafin nan Allah ya kawo mafita.

Laraba, 7 ga Mayu

An kawo bulo da marmara. 'Yan SS2 sun share fili lokacin tara. 'Yan SS3 suna cikin WAEC ba'a taɓa su.

Asabar, 10 ga Mayu

Neman arewa. Na ce ba'a aza bulo ko ɗaya sai arewar taswira ta fuskanci arewar gaske, in ba haka ba duk aikin banza ne.

Yara suka ce ai da sauƙi Malam, ga masallacin makaranta nan, inda liman ke kallo shi ne gabas. Nace a'a, daga Katsina alƙibla na wajen digiri 70 ne daga arewa, gabas sak kuma 90 ce, wato in muka bi masallaci taswirarmu zata murguɗe da digiri ashirin. Wasu suka fiddo waya (wadda bai kamata a ce tana aljihunsu ba, amma yau Asabar na kauda kai), kamfas ɗin wayar wannan ya nuna nan, na wancan ya nuna can, ga rodin katanga kusa yana ƙara rikita su.

Sai muka koma wa rana. Muka kafa sanda mai mita 1 a tsaye cak, da hantsi muka sa ƙusa a bakin inuwarta, muka ɗaura igiya a gindin sandar muka zana da'ira ta kan ƙusar, muka jira bayan azahar inuwa ta sake tsawo ta taɓa da'irar a ɗaya gefen, nan ma ƙusa. Layin da ya haɗa ƙusoshin biyu shi ne gabas da yamma, wanda ya gitta shi kuma arewa da kudu. Ba kuɗi, ba caji.

Inda aka yi gardama shi ne tsakar rana. Inuwar ta fi gajarta wajen 12:30, ba 12:00 ba, don agogonmu na bin layin digiri 15 ne mu kuma muna wajen 7 da rabi, kowane digiri minti huɗu, rabin awa kenan. Sannan 'yar guntuwar inuwar, kamar santimita 8, kudu ta kwanta. Monita ya ce Malam an samu matsala, a littafi an ce mutanen arewacin duniya inuwarsu arewa take yi. Kafin in buɗe baki Baba maigadi da ke zaune gindin bedi ya ce, yaro, wannan lokacin ai rana ta haura, da bazara zuwa tsakiyar damina inuwa kudu take komawa, da hunturu ne take miƙewa arewa. Nace Baba ka gama darasin. Muna digiri 13 ne, rana kuma na kaiwa har 23 da rabi, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta tana arewa da mu. Wancan zancen na littafi mutanen Turai ne yake yi wa daidai duk shekara, mu dai ba haka muke ba.

Asabar, 17 ga Mayu

An aza bulo, an zuba marmara an daɓe. Mun ja igiyoyi gida-gida santimita 37, kowace ƙungiya ta ɗauki gidajenta tana kwafo iyaka daga atlas da toka. Iyakar gabas da Kamaru ta ba su wuya, karkace-karkacenta yawa gare su. Bakin teku wajen Neja Delta kuma sai da aka share aka sake.

Abun da ya ba yara mamaki, jihar Katsina kaf ɗinta, ƙananan hukumomi 34, daga Sabuwa har Mai'aduwa, bata cika mita ɗaya ba. Katsina zuwa Daura taƙi ɗaya da 'yan kai. Wata yarinya ta ce kenan duk wahalar motar da ake sha zuwa Funtuwa taku ɗaya ce. Nace eh, ki duba Legas kuma.

Laraba, 21 ga Mayu

Kafa tsinkayen tsayi. Kowane gari aka soka mashi kara da alamar inda siminti zai tsaya: Katsina santimita 5, Funtuwa 7, garin Jos 12, duwatsun Shere 18, tafkin Chadi kusan 3, Chappal Waddi 24, Lokoja ko rabin santimita da ƙyar. Magini ya duba ya girgiza kai ya ce Malam wannan kudun naka ruwa ba zai gudu ba. Nace mu dai je zuwa.

Asabar, 24 ga Mayu

Gina tuddai da marmara. Ba wani labari, sai zafi.

Litinin, 2 ga Yuni

Wannan satin bai yi daɗi ba, bari in faɗe shi dalla-dalla don wanda zai yi irin aikin nan ya kiyaye.

Ranar Alhamis aka yi shafen siminti. Magini ya so a fara da asuba, amma leburan bai iso ba sai da rana ta take, yara kuma suna aji, aka yi aikin cikin garjin rana. Shafen bashi da kauri, santimita uku zuwa huɗu ne a kan marmara wadda ta bushe ƙayau, ita marmarar tana tsotse ruwan ta ƙasa, rana na shanye shi ta sama. Siminti kau ruwa yake so kwana da kwanaki, safe da yamma, kafin ya kama jikinshi. Famfon makaranta ya daɗe da yin shiru, da 'yan ga-ruwa muka dogara, su kuma wannan lokacin kowa nemansu yake, jarka ta koma 150 kuma sai ka bi su da lallashi. Juma'a an zuba da safe. Wanda aka yi da shi zai kawo kura biyu Asabar da Lahadi bai zo ba, wayarshi a kashe.

Yau da na zo na tarar da taswirar ta tsattsage kamar faso a dugadugi. Babbar tsagar ta taso daga Yola ta bi kwarin Binuwai har Makurɗi, don nan ne shafen ya fi sirantaka, wata kuma ta raba Sakkwato da Zamfara. Gefen tudun Jos na kudu in ka ƙwanƙwasa ƙarar holoƙo yake, ya saki marmara. Sannan awakin unguwa sun shigo ta inda katanga ta zube tun daren Alhamis, siminti na ɗanye, sawun kofato ne tun daga Maiduguri har Nguru.

Magini ya zo ya tsuguna ya duba, ya ce ba sai an fasa duka ba. Za'a fasa Binuwai da gefen Jos, a jiƙa marmara ta ƙoshi kwana biyu, a shimfiɗa raga irin ta kejin kaji, a sake shafe da yamma bayan la'asar, a lulluɓe da buhunan siminti jiƙaƙƙu. Ƙarin siminti buhu 3, kuma ya tashi, yanzu 10,500. Raga 14,000. Nace Baba hannunka fa? yace ka ƙara dubu goma in ta samu.

Sawun awakin Borno yara sun ce a bar shi. Ban yarda ba amma ban hana ba tukuna.

Talata, 3 ga Yuni

Ba aikin gini. Ambaliyar Mokwa ta jihar Neja da ta auku ƙarshen watan jiya ita ce a bakin kowa, sama da mutum 150, Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. Na aje darasin da na shirya muka fita bakin taswira duk da tsagarta, na nuna masu inda Mokwa take, muka yi maganar abun da ke faruwa in ruwa mai yawa ya sauka cikin 'yan awoyi a garin da aka yi gini kan hanyar ruwa kuma magudanai suka toshe. Wasu sun tuna da ta Jibia ta watan Yulin 2018, suna ƙanana lokacin amma akwai masu dangi can. Na ce su duba unguwanninsu nan cikin Katsina, ina ruwan ƙofar gidansu ke bi kafin ya faɗa rafin Ginzo ko na Tille, su zano min bayan sallah.

An tafi hutun babbar sallah. Baba maigadi ya yanko ƙaya ya toshe kafar katanga.

Litinin, 16 ga Yuni

An yi gyaran satin da ya wuce, wannan karon ya kama. Tsofaffin ɗalibai da suka ga hoton tsagar sun ƙaro 50,000, Allah ya saka masu da alheri. Malaman sitaf rum ma sun yi karo-karo 28,000, har da malamin lissafi da ke cewa wasan ƙasa muke.

Ma'aunin ruwan sama ya samu. Na siya a shago yafi ƙarfinmu, sai na kai wa masu ƙirar gwangwani suka yi min mazurari mai faɗin baki santimita 12.7 irin na asali, da gwangwanin da zai zauna a kai, 3,500. Kwalba a ciki, an binne gindin, bakin na santimita 30 daga ƙasa don kar ruwan da ya fantsamo ya shiga, kuma nesa da bedi da rufin aji. Da wannan faɗin, duk milimita 1 na ruwan sama yana ba da mililita 12.7 a kwalba, so sirinji babba daga kemis ta isa, a auna a raba. Za'a riƙa dubawa kowace safiya a lokaci ɗaya, ko an yi ruwa ko ba'a yi ba a rubuta.

Asabar, 21 ga Yuni

Yau rana ke kaiwa ƙarshen tafiyarta arewa, digiri 23 da rabi. Na kira masu sha'awa, sun zo fiye da yadda na zata, Allah ya taimaka gari ba hadari. Kowace ƙungiya da sandarta mai mita 1, a auna inuwa inda ta fi gajarta, a nemo kusurwa da kalkuleta, a ɗebe daga 23.5, abun da ya rage shi ne latitud ɗin Katsina.

'Yan matan suka samu santimita 18 da rabi, kusurwa 10.5, amsa 13.0. Katsina kau na kan 12°59'. Wata ƙungiyar maza suka samu 17, lissafi ya kai su 13.9, sun wuce Maraɗi kenan ba fasfo. Wata ta samu 20, suka sauka 12.2, sun kusa Kano. Sandunansu ne ba a tsaye suke sosai ba, 'yan matan su igiya suka rataya da dutse suka daidaita tasu. An sha tsiya.

Laraba, 25 ga Yuni

Gwajin ruwa. Wannan ranar nake jira tun Afrilu.

Muka ɗauko butoci daga masallaci, aka ɗan zuba shuɗi a ruwan don a gan shi. Na fara da Jos. Monita ya tsiyaya a ƙoƙon tudun, ruwa ya rabu a gabansu, wani ya bi kogin Kaduna ya yi yamma zuwa Kwara, wani ya bi Gongola ya zagaya ya faɗa Binuwai a Numan, wani ya yi arewa maso gabas ta Jama'are ya nufi Chadi. Buta ɗaya, hanya uku. Ban ce komai ba na bar su suna ihu.

Sai na kira yaron da ya fi kowa taurin kai kan maganar Gada, nace zo ka zuba nan, kudu da Jibia kaɗan. Ya zuba. Ruwa ya yi arewa, ya tsallaka layin iyaka, ya bi ta Maraɗi ya lanƙwaso. Ya ce a sake. Aka sake. Ya ce Malam kai ka sa magini ya karkata shi. Nace ƙwarai, kamar yadda ƙasar take a karkace, jeka duba tsinken Funtuwa da na Katsina da na Sakkwato ka faɗa min wanne ya fi. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sai ya ce to kenan mu a kan tudu muke. Shekara nawa ina son wani ya faɗi wannan da bakinshi. Daga nan suka ƙwace butocin, wannan ya zuba a Dutsin-Ma inda dam ɗin Zobe yake ruwa ya yi yamma ta Rima ya kama hanyar teku, wancan ya matsa taƙi biyu ya zuba a Kano ruwa ya yi gabas ta Haɗeja zuwa Yobe. Garuruwa maƙwabta, ruwan ɗaya Atlantika, na ɗayan Chadi.

Matsala biyu dai sun fito. Ta farko wadda magini ya hango: daga Lokoja zuwa teku gangaren rabin santimita ne a kan fiye da mita guda, ruwan Kwara da na Binuwai suka haɗu suka tsaya cak, suka malale Kogi da Anambra. Yara suka ce ambaliyar 2022 ce ta dawo. Na kama zancen nan take muka yi maganar 2012 da 2022, da dam ɗin Lagdo na Kamaru da ake sakin ruwanshi cikin Binuwai, da dalilin da yasa mutanen can ke shan ruwan da ba a garinsu aka yi shi ba. Amma taswira dole ta tsane, magini zai zurfafa kwarin da gurenda ya buɗe kafa a bulon kudu.

Ta biyu Chadi. Ruwa ya taru ya zauna, ba mafita. Wata ta ce a yi mashi hanya zuwa teku, nace ai na gasken ma bashi da ita, rana ce ke shanye shi da ƙasa, ga kuma madatsai irin Tiga da aka gama 1974 da noman rani suna rage abun da ke isa. A shekarun 1960 faɗinshi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, yanzu ɗan kaso ne ya rage. Namu dai za'a sa mashi ɗan bututu da toshiya saboda sauro.

Laraba, 2 ga Yuli

Jiya da dare an yi ruwa da iska mai ƙarfi. Kwalba ta ba da mililita 292, wato milimita 23. Da na ga lambar bata motsa su ba sai nace ku tsaya, milimita 1 lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, rufin ajinku mita 8 ne da 10, nawa ya zubo? Suka buga, lita 1,840. Jarka 73. A farashin 'yan ga-ruwa kusan dubu sha ɗaya ta bi rariya daga rufin aji ɗaya a dare ɗaya, mu da muka rasa na jiƙa siminti wata guda da ya wuce. Yanzu sun taso firinsifal gaba da maganar indararo da tanki, ni ba ruwana.

Ɓarnar ita ce ruwan da ya zubo daga wannan rufin ya bi ta gindin bulon kudu maso gabas ya zaizaye marmara, ƙarƙashin Kalaba ya zama rami, hannu na shiga. Mun cusa tsakuwa da ragowar siminti, yara sun haƙa 'yar kwata ta kauda ruwan. In an sake irin wannan ruwan za mu gani ko ta riƙe.

Talata, 8 ga Yuli

Fenti, 27,000. Kore ga ƙasa da mita 200, rawaya zuwa 500, ruwan ƙasa sama da haka, koguna shuɗi. Madatsan ruwa na Kainji, Jebba, Shiroro, Tiga, Zobe da Jibia an sa masu murfin kwalba. Sawun awaki ya sha fenti yana nan.

Kwana biyu ba'a duba ma'aunin ruwa ba, wanda ke da duti ya ce ya ɗauka na gobe ne. An sake jadawali an liƙa a ƙofar aji.

Asabar, 12 ga Yuli

Wannan ban shirya shi ba, magini ne ya kawo shi. Da za mu ja iyakar launuka na tsaya ina tunanin yadda za'a gane duk inda ya kai santimita 5 daidai, sai ya fiddo tiyon nan mai haske da suke daidaita lebul da shi, ya cika da ruwa, ya riƙe baki ɗaya a jikin sanda, ya ba yaro ɗayan ya ce bi gefen tudun, duk inda ruwa ya tsaya daidai ka ɗiga alli. Aka haɗa ɗige-ɗigen, sai ga layi ya zagaye tudun arewa. Aka ɗaga zuwa 10, wani layin ya zagaye Jos a ciki. Nace ku hau benci ku leƙo ta sama. Layukan kontuwa ne sak, wato layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya a taswira, inda gangare ya yi tsaye sun matsu, inda ya kwanta sun buɗe, wajen kogi sun yi tsini suna nuna inda ruwan ya fito.

Duk mai koyar da darasin nan yasan nan ne yara ke zubewa. Tambayar karatun taswira a takarda ta uku ta WAEC dole ce ba zaɓi, za'a miƙa wa yaro taswira mai 1:50,000, santimita 2 kilomita 1, a ce ya faɗi inda kogi ya nufa, ya gane tudu da kwazazzabo, ya ce ko daga wannan ƙauyen ana hango wancan. Makarantu da yawa irin wannan takardar yaro bai taɓa riƙe ta ba sai a zauren jarabawa, mu ma 'yan tsofaffin da ake bari bayan jarabawa ne nake lallaɓawa da salatif, kuma tsayin da ke jikin da yawansu da ƙafa aka rubuta ba mita ba, wani ruɗanin kenan. Ga darasin labarin ƙasa ya zama na zaɓi, yaro na jin ance akwai lissafi a ciki sai ya gudu. Ranar Litinin zan raba masu takardun su zauna bakin taswirar siminti da su, su riƙa duba nan suna duba can.

Asabar, 19 ga Yuli

Lissafin kuɗi zuwa yau: siminti 111,500, bulo 22,500, yashi 25,000, marmara 20,000, magini 45,000, ruwa ya tashi 19,000 maimakon 8,000, fenti 27,000, ƙusa da igiya 5,000, raga 14,000, mazurari da sirinji 4,000. Jimla 293,000. Abun da ya shigo 248,000. Magini na binmu 10,000, sauran 35,000 daga aljihuna ta fita, uwargida bata sani ba tukuna. Wanda zai yi irinta, shawarata ya sa raga tun farko, ya tanadi durom biyu na ruwa kafin a kwaɓa buhun farko, ko ma ya bari sai Nuwamba in sanyi ya shigo.

Ramin Kalaba ya riƙe. Lokoja na tsanewa yanzu amma a hankali.

A jarabawar ƙarshen zango na saka tambayar Gada, ban gama maki ba, amma takardun da na duba mafi yawa sun ce arewa kuma sun faɗi dalili. Akwai wanda ya rubuta kudu ya soke.

Abun da ke gaba. Na farko hutu: Agusta ce watan da ya fi ruwa a nan, in littafin ya yi giɓi a Agusta jimlar shekara ta lalace, kuma ina son mu gwada namu da abun da aka sani, wato arewacin jihar nan wajen milimita 600 zuwa 700 a shekara, Funtuwa kuma wajen 1,000. Yara uku da ke kusa da makaranta sun ɗauki nauyi, Baba maigadi zai riƙe sirinji da littafin, ranar da basu zo ba ya juye ruwan a wata kwalba ya rufe. Wajen 18 ga Agusta rana zata dawo daidai kanmu, sanda bata da inuwa da rana tsaka, na ce duk wanda ke gari ya zo 12:15 in ba hadari.

Zango mai zuwa akwatin nan fari mai tagogi na ajiye ma'aunin zafi, kafinta ya ce 40,000, za mu rubuta wa ofishin hukumar hasashen yanayi NiMet na filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa ko sa bari mu kawo yara su ga na gaske kafin a yi namu. Fita zuwa dam kuma Ajiwa kawai na rubuta, don ita ce kusa kuma ruwan da garin nan ke sha ne, Zobe da Jibia iyaye ba zasu sa hannu ba da yanayin tsaron hanya, ni ma ba zan matsa ba. 'Yan SS1 sun fara tambayar ko za'a yi ta jihar Katsina ita kaɗai, babba, a ɗaya gefen bedin. Na ce su bari a biya magini tukuna.